Girka Manhajar Intanet Daga Faifai: Dabarar da Ta Dace da Halinmu

Duk wanda ya zaga shagunan buga takardu da ke kewaye da Jami'ar Jihar Nasarawa a Keffi, ko ya leƙa ɗakunan kwamfuta inda ake horar da ɗalibai domin jarrabawar JAMB, wadda ta koma bisa kwamfuta ɗungurungum tun 2015, zai iske mas'ala ɗaya tana damun masu kula da su, wato kwamfutoci da yawa, data mai tsada, ga kuma sabis mai zuwa yana ɗaukewa. Alhali kuwa da dama daga cikin manhajojin da ake aiki da su an gina su ne bisa zaton cewa intanet ba ta yankewa, kamar yadda take a garuruwan waɗanda suka ƙera su.

Misalin wannan nau'i kuwa shi ne, a 2001 kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya fito da wani tsari mai suna Java Web Start, wanda a cikinsa mutum ba ya bukatar faifai, sai dai ya latsa mahaɗa a shafin intanet, wani ɗan ƙaramin fayil da ake kira JNLP ya sauko, ya shaida wa kwamfuta adireshin da manhajar take da sassan da za a ɗebo. Kwamfuta ta ɗebo su ta adana a ma'ajinta, kuma duk sa'ad da aka buɗe manhajar sai ta waiwayi tushen, ta duba ko an yi gyara. Fa'idar wannan a fili take, domin gyara ɗaya a tushe ya wadatar da kowa. Amma illarsa ga irinmu ita ce, ɗaki mai kwamfuta talatin sai ya sauko da abu ɗaya sau talatin, in ma sabis ya yarda ke nan.

Maganin ya zo a 2004 tare da Java 5, yayin da aka ba umarnin javaws na Java Web Start ikon shigo da manhaja daga faifan CD ko filas. Mai kula da kwamfutoci zai je inda intanet take da ƙarfi, ya sauko da fayil ɗin JNLP da dukkan sassan manhajar sau ɗaya tak, ya zuba su a filas. In ya komo, sai ya buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni a cikinsa, ya rubuta javaws, ya bi shi da -import, wato a shigar da manhajar cikin ma'aji. Sa'an nan -codebase da adireshin filas ɗin, wato a ɗebi sassan daga nan maimakon intanet. In ya so ya ƙara -shortcut domin alamar manhajar ta fito a fuskar allo, da -silent domin aikin ya gudana ba da tambayoyi ba. Hikimar da ke ciki ita ce, manhajar da aka girka ta haka ba ta manta adireshinta na asali, saboda haka ranar da sabis ya samu za ta nemi sabon gyara da kanta.

Mai karatu na iya tambaya, me ya sa za a wahala da rubutun umarni ga linzami a hannu? Amsa ita ce, umarnin da aka rubuta daidai sau ɗaya ana iya adana shi a fayil, a maimaita shi a kowace kwamfuta ba ƙari ba ragi, wanda latse-latsen hannu ba ya lamunce wa kowa.

Sai dai wajibi ne a yi hattara, gama filas mai yawo hannu zuwa hannu yana daga cikin manyan ƙofofin cutar kwamfuta. Malamanmu na da, in an kwafi littafi, ba su aminta da shi sai an yi muƙabala da asali, an kuma san daga hannun wa ya fito. Haka nan manhaja take da sa hannun maƙerinta, wanda tun farkon 2014 Java ta tsananta sharaɗinsa, kuma akwai umarnin certutil a Windows da sha256sum a Linux, masu fitar da lambar da za a gwada da ta tushe, a tabbata ko harafi ɗaya bai sauya ba.

Kamfanin Oracle, wanda ya sayi Sun a 2010, ya cire Java Web Start daga Java 11 a 2018, ko da yake wani tsari mai suna OpenWebStart ya ci gaba da ɗaukar tsofaffin manhajojin. Amma dabarar ba ta mutu ba: masu Linux suna da flatpak create-usb, masu Microsoft Office kuma suna da setup.exe /download da /configure. Don haka shugaban makaranta ko mai shago da zai sayi manhaja, ya kamata tun kafin a yi ciniki ya tambayi mai sayarwa ko tana girkuwa daga filas, da kuma yadda ake tabbatar da ingancinta, domin wannan tambaya za ta rage masa kuɗin data da ɓacin lokaci na shekaru.