Muzurun Kumbon Nostromo a Fim Ɗin Alien

Fim ɗin Alien, wanda darakta Ridley Scott ya fitar a 1979, labarin mutum bakwai ne a cikin wani kumbon dakon kaya mai suna Nostromo, da wani dodon sararin samaniya da ya shigar musu yana ɗauke su ɗai-ɗai. Rai na takwas a kumbon muzuru ne mai launin ruwan goro, sunansa Jones. Ajiye kyanwa a jirgi tsohuwar al'ada ce ta matuƙan jiragen ruwa, saboda ɓeraye masu ɓarnar guzuri, kuma ganinsa yana kai-komo yakan sa kumbon ya yi kama da wurin aikin leburori na yau da kullum.

Aikinsa na farko yaudarar mai kallo ne. Uku daga cikin ma'aikatan kumbon, Ripley da Parker da Brett, sun fita farautar dodon tun yana ƙarami, da raga da na'urar gano motsi. Na'urar ta kai su ga wata durowa, suka buɗe a tsorace, sai muzuru ya yi tsalle ya fice. Gaban mai kallo ya faɗi, sannan ya yi ajiyar zuciya har da dariya. Dabarar tsohuwa ce: tun a fim ɗin Cat People na 1942 aka san ta, inda ƙarar birkin motar bas ta razana jama'a alhali babu komai. Amfaninta shi ne mutum ya saki jiki kafin a kawo masa bugu na gaske.

Bugun bai daɗe ba. Aka tura Brett, wanda Harry Dean Stanton ya fito a matsayinsa, ya kamo muzurun don kada ya sake rikita na'urar. Ya shiga wani makeken ɗaki mai duhu, sarƙoƙi na lilo, ruwa na ɗiga daga sama, yana ta kiran kyanwa. Da ya same shi, muzurun ya ja da baya yana huci, idonsa na kan wani abu a bayan Brett. A lokacin da dodon ya kama shi, sai kyamara ta koma kan fuskar Jones, yana kallo ko gezau. Wannan gwaninta ce babba. Scott ya san cewa dodon, wanda mai zane H. R. Giger ɗan Suwizalan ya tsara siffarsa, mutum ne sanye da rigar roba. In aka nuna shi da yawa asiri zai tonu. Idon muzurun ya ɗauke masa wannan nauyi, mai kallo kuma ya ƙarasa zanen a ransa. Muzuraye huɗu aka yi amfani da su wajen ɗaukar fim ɗin, kuma don a samu wannan hucin an ɓoye kare ne a bayan wani allo, aka janye allon bagatatan.

Aikin muzurun na ƙarshe ya shafi halin Ripley, wadda Sigourney Weaver ta fito a matsayinta. An riga an gano cewa kamfanin da ya mallaki kumbon ya ba da umarnin asiri a kawo dodon da rai, ko da ma'aikata duka za su halaka. Ita kuwa, ana cikin shirin gudu, ta tsaya neman muzuru. Har yau masu sharhi na gardama a kan hikimar wannan mataki, domin a daidai lokacin ne dodon ya kashe Parker da abokiyar aikinsu Lambert. Sai dai da wannan mataki ne fim ɗin ya raba ta da kamfanin da bai ɗauki rai bakin komai ba.

Dodon ya tarar da Jones a cikin akwatinsa, ya leƙa, bai kashe shi ba. Jones da Ripley ne kaɗai suka tsira a ƙaramin kumbon Narcissus. A fim na biyu, Aliens, wanda James Cameron ya yi a 1986, an tsinto su bayan shekara 57 suna barci, kuma da Ripley za ta koma fagen fama, ta bar shi a baya.