Daga Komo Zuwa Jitar Bes: Dalilin Haɗa Katako Falle-Falle

Duk wanda ya tashi a Augie, ko Argungu, ko wani gari na bakin Gulbin Rima, ya san halin ƙofar katako. Da damina takan kumbura har sai an sa kafaɗa kafin ta rufu, da hunturu kuwa ta motse, iska na shiga ta gefenta. Ba mu cika ɗaukar wannan a bakin kome ba. Amma ga wanda ya yi niyyar sassaƙa abin kiɗa mai tsirkiya, nan ne aikinsa zai gyaru ko ya ɓaci. Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne yadda ake ƙera jitar bes, watau babbar jita mai kaurin murya, da dalilin da ya sa ake haɗa wuyanta da fallayen katako daban-daban maimakon a sassaƙe shi daga itace guda.

Kaurin murya a kayan kiɗa masu tsirkiya ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Muna da garaya mai tsirkiya biyu, wadda ake sassaƙa cikinta da itace a rufe da fatar gada ko ta akuya. Muna da yayarta, komo, wadda wasu ke kira babbar garaya, cikinta na duma ne, makaɗan mafarauta suka fi shahara da ita. Ga molo mai tsirkiya uku, ga gurmi, ga kuma kuntigin da marigayi Ɗanmaraya Jos ya yi suna da shi. David Ames da Anthony King sun tattara sunayen waɗannan kaya da sassansu a ƙamus ɗinsu na kiɗan Hausa na shekarar 1971. Abin lura a nan shi ne duk tsarinsu ɗaya ne: sanda ce ake cusawa ta cikin fatar, a ɗaure tsirkiyoyi a jikinta da tsinken fata, a ɗora su bisa jaki. In murya ta sauka, makaɗi ya ja ɗaurin sama. In sandar ta karkace, ba wata asara, don ba a sa mata matakan da za su saɓa ba, yatsa ne da kunne ke neman murya. In ta karye ma, a sari wata a daji.

Jitar bes ba ta da wannan sauƙin hali. Wani Ba'amurke mai suna Paul Tutmarc ya fara ƙera irinta a Seattle cikin shekarun 1930, amma ba ta bazu ba sai da Leo Fender ya fito da tasa, mai suna Precision Bass, a 1951. Ma'aunin da Fender ya zaɓa shi ne ya zama abin bi har yau: tsirkiya huɗu na ƙarfe, tsawon kowace daga maɗaurin sama zuwa jaki inci 34, watau milimita 864. Mafi kaurinsu tana kaɗawa sau 41 kacal a daƙiƙa guda. Kafin tsirkiya mai wannan tsawo da kauri ta ba da muryar da ake so, sai an ja ta ƙwarai. In aka haɗa jan da huɗun ke yi wa wuyan jitar, yakan kai kilo 70 zuwa 80. Mai karatu ya ƙaddara buhun siminti ɗaya da rabi na jan wani siririn katako da bai kai kaurin damtse ba, dare da rana, shekara da shekaru, ba hutu.

Sa'an nan ga matakai, watau 'yan ƙarafan da ake kafawa a gicciye bisa wuyan. Wurin kowannensu lissafi ne, ba ƙiyasi ba. Ana raba tsawon tsirkiyar da 17.817 a sami mataki na farko, wanda ke faɗawa kusan milimita 48.5 daga sama; a raba abin da ya rage da wannan adadi a sami na biyu, haka har ƙarshe. Na goma sha biyu dole ya zauna daidai tsakiya, a milimita 432. To, in wuyan ya lanƙwashe ko da kaurin ƙwayar gero biyu ne, ko dai tsirkiya ta yi nisa da matakan har yatsa ya gaji, ko ta kwanta a kansu tana zuza. In kuwa murɗewa ya yi, jitar ta tashi daga aiki.

Halin itace

Bahaushe ya ce itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da karin maganar bai faɗa ba shi ne, ko bayan ya bushe ba ya daina motsi. Katako yana shan danshin iska yana kuma fitar da shi muddin yana nan. A tsayinsa kusan ba ya canzawa, amma a faɗinsa yana kumbura yana motsewa, kuma ba daidai ba: motsin da yake yi ta bin zoben da ke cikin kututture ya kusan ninka wanda yake yi daga ɓargo zuwa ɓawo. Wannan rashin daidaito shi ke sa falanki ya yi kwarmi ko ya murɗe. A ƙasashen da yanayinsu ke da sassauci abin bai kai namu tsanani ba. Mu kuwa a ƙasar Kabi, da hunturu danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, a watan Agusta ya haura kashi 70, ga zafin bazara da ke wuce digiri 40. Da wuya a sami wurin da ya fi wannan gwada haƙurin katako.

Maganin da maƙera jita suka samo shi ne su sa katako ya yi faɗa da kansa. Ana tsaga falanki gida biyu a tsaye, a juya ɗaya yadda jijiyarsa za ta fuskanci ta ɗan'uwansa, a sa wani falle na itace dabam a tsakaninsu, a manne. In na dama ya so karkata gabas, na hagu yana jan yamma da ƙarfi iri ɗaya, sai su tsaya cik. Shi ya sa ake yin fallayen uku ko biyar, ko bakwai, don kowane gefe ya zama madubin ɗayan. Har wa yau, kowane itace yana da ɓoyayyen aibi, ko gaɓa ko wata 'yar tsaga. In wuyan guda ne, aibin ya ratsa shi duka, in kuwa falle-falle ne, maƙwabta su tallafe shi. Bayan haka akan haƙa kwari a tsawon wuyan a binne sandar ƙarfe mai noti, wadda kamfanin Gibson ya sami rajistar ƙirƙirarta a 1923, don a riƙa ɗaure ta ko sassauta ta gwargwadon yanayi. Amma fa sandar nan lanƙwasa kawai take gyarawa, ba ta da abin yi da murɗewa.

Kamfanin Alembic na Kalifoniya, wanda aka kafa a 1969, shi ya fitar da wannan salo fili a farkon shekarun 1970, inda wuyan ke zarcewa tun daga kai har gindin jitar, a manna fukafukai biyu a gefensa su zama gangar jiki. Mutane da yawa suna ganin ratsin launuka a irin wannan jita su ɗauka ado ne. Adon daga baya ya zo. Ni a ganina, ga mai koyo a ƙasarmu wannan salo ya fi dacewa, domin ya raba shi da wahalar sassaƙa gurbin da wuya zai zauna a jiki, wanda nan ne sabon hannu ya fi kuskure.

Itatuwanmu

Wani abin mamaki, da yawa daga itatuwan da manyan kamfanoni ke taƙama da su na Afirka ne. Warwick na Jamus, da aka kafa a 1982, ya yi suna da wenge da bubinga, waɗanda ake sarowa a dazuzzukan Kamaru da Gabon da Kwango. Danginsu suna nan a dajinmu da sunayensu na Hausa. Maɗaci na cikin jinsin da Turawa ke kira mahogani na Afirka, ana kuwa yin jikin jita da wuyanta da wannan jinsi. Kanya 'yar gidan baƙin itacen nan ce da ake shimfiɗawa a fuskar wuya inda yatsu ke takawa, ko da yake tamu ba ta cika baƙi ba. Madobiya tana da tauri da kyan zane. Ƙirya, wadda maƙera ke son gawayinta, masassaƙa ke yin turmi da ita, ta isa falle na tsakiya, sai dai kada a yi jikin jitar da ita. Jita mai kyau ba ta wuce kilo 4 da 'yan kai, wadda ta zarce haka kafaɗar makaɗi ce za ta biya.

Sai dai itatuwan nan suna ƙarewa. Saran madobiya da aka yi ta yi ana lodi zuwa Sin ya sa a 2016 aka shigar da ita jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ƙayyade cinikinsu tsakanin ƙasashe, a 2022 kuma aka ƙara da maɗaci da kawo. Masassaƙin gargajiya kututture guda yake buƙata, ya sa gatari da gizago ya rarake shi, fiye da rabinsa ya tafi a sassaƙe. Mai haɗa falle kuwa guntaye sun ishe shi: ragowar da kafinta ya yar, ƙafar tsohon gado, dogarin tsohuwar ƙofa. Tsohon katako ma ya fi, don ya riga ya ga damina da hunturu sau da yawa, ya gama yawancin rigimarsa.

Wanda ya sami ɗanyen katako kada ya yi gaggawa. A nan matsalarmu ba jinkirin bushewa ba ce, saurinta ne, don bakin falanki kan riga cikinsa bushewa ya tsage. Sai a shafe bakunan da kakin zuma ko fenti, a jera a inuwa da 'yan tsinkaye a tsakani don iska ta ratsa, a bar shi ya shekara. Fuskokin da za a manne kuwa sai an goge su sun daidaita, yadda in an haɗa biyu aka ɗaga wa rana haske ba zai ɓullo ba. Gam ba ya cike giɓi, kuma farin gam ɗin da aka saba gani a shagon kafinta yakan saki sannu a hankali in zafi da ja suka haɗu a kansa, saboda haka a nemi mai ƙarfi. A matse da maƙalai kusa da kusa, a bar shi ya kwana biyu kafin a taɓa.

Lokacin aikin ma abin dubawa ne. Jitar da aka haɗa da damina, in hunturu ya zo katakon zai motse, ƙarafan matakai kuwa ba sa motsewa, sai bakinsu ya leƙo ta gefen wuya yana yankar hannu, wani lokaci jikin ya tsage. Wadda aka haɗa da rani, abin da damina za ta yi mata shi ne ɗan kumburi, sandar ƙarfe ta gyara shi da rabin juyi. Don haka manomin fadamar Augie da ke da sha'awar wannan aiki, ya bari sai an kai shinkafar damina gida, iska ta juyo daga gabas, sa'an nan ya ɗauko zarto.