Ƙaurar Madafi Zuwa Cikin Ɗaki: Tace Gaskiya Daga Jita-jita

Duk wanda ya tashi a Kankia ko Kusada, ko a ƙauyukan da ke kewaye da su, ya san madafin iyayenmu ba ya haɗa rufi da ɗakin kwana: rumfa ce ko ɗan ɗaki a kusurwar tsakar gida, da duwatsun murhu uku, da tarin karan dawa a gefe, hayaƙi kuwa ya tashi ya bi iska abinsa. Amma tun da aka shiga gina wa amare irin ginin nan da ake kira filat, falo da uwar ɗaki da banɗaki da kicin duk a ƙarƙashin kwano ɗaya, kananzir kuma ya yi tsadar da ta sa aka jingine risho, sai madafi ya yi ƙaura zuwa ciki, tukunyar gas ta biyo shi, zantuka kuma suka biyo tukunyar, sahihi da batili a cakuɗe, har ya zama wajibi a zauna a rairaye su.

Mafi yaɗuwa shi ne wai abincin da aka dafa da gas yana sa ciwo, har wasu dattawa kan ƙi tuwon da ba na itace ba. Wannan magana ba ta da hujja, domin zafi ne ke dafa abinci, iskar gas kuwa ƙonewa take yi a ƙarƙashin tukunya, ba ta ratsa ƙarfe ta shiga miya. Gaskiyar da ke cikinta ɗaya ce: tuwon itace yana da ƙanshin da na gas ba shi da shi, ni kaina ina marmarinsa. Sai dai hayaƙin da ke ba da ƙanshin shi ne ke cin idanu da ƙirazan mata, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida, wadda hayaƙin girki ne babban musabbabinta, tana halaka wajen mutum miliyan 3 kowace shekara.

Akwai kuma shubuhar da ke cewa bai halatta mai girki ta ba alƙibla baya ba, saboda haka sai an juya murhu. Abin da fuƙaha'unmu na Malikiyya suka tattauna a babin tsarki shi ne fuskantar alƙibla ko juya mata baya yayin biyan bukata, murhu bai shiga wannan mas'ala ba. Abin da ya tabbata game da wuta, a ruwayar Buhari da Muslim, shi ne umarnin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da a kashe ta idan za a kwanta, kuma wanda ya rufe kan tukunyar gas ɗinsa kowane dare ya yi aiki da wannan umarni.

Batun waya kuwa, wai kira na shigowa tukunya ta fashe, an ƙara masa gishiri. Tukunya lafiyayya wadda ba ta yoyo ba ta kama wuta don waya ta yi ƙara. Haɗarin yana wurin da gas ya riga ya tsiyaye ya cika ɗaki, inda ƙyasta ashana ko taɓa makunnin lantarki ya isa ya tayar da gobara. A nan a buɗe ƙofa da taga, a rufe kan tukunya, a fita waje kafin a kira kowa.

To, a nan ne zan daɗe, domin abin da ya kamata a ji tsoro shi ne aka fi sakaci da shi, wato rashin iska. Iskar gas ta fi wadda muke shaƙa nauyi, idan ta tsiyaye ƙasa take kwanciya kamar ruwa a kwari, saboda haka 'yar tagar nan da magina kan huda can kusa da silin tana fitar da zafi da tururi, amma ba ta fitar da gas. Sai an bar masa mafita ta ƙasa, ko kuma, wanda ya fi, a ajiye tukunyar a waje cikin inuwa, a huda bango tiyo ya shigo. Warin da ake ji ma ba na iskar gas ɗin ba ne, da gangan ake zuba mata wani sinadari domin hanci ya yi gargaɗi. Haka nan gaskiya ne tukunya tana tsufa: ƙa'idar hukumar kula da ingancin kayayyaki, wato SON, shekara 15 ce, kuma shekarar ƙira tana rubuce a jikinta. Gaskiya ne kuma ba a cika ta maƙil, ana barin sarari domin gas yana kumbura da zafi, alhali kowa ya san yadda ranar bazara take a ƙasar Katsina. Wanda ya tuna fashewar shagon gas a Sabon Tasha ta Kaduna cikin Janairun 2020, wadda ta ci rayuka har da na Farfesa Simon Mallam, ba zai ɗauki wannan da wasa ba. Kurfoti ma, da ake ganin ya fi aminci, idan aka shige da shi ɗaki rufaffe da hunturu, gawayinsa yana fitar da guba marar wari marar launi, mai kashewa cikin barci.

Masu cewa kowane bango ana iya rushe shi don a faɗaɗa kicin muddin ginin bulo ne, su sani akwai bangon da rufi ke zaune a kansa, sai birkila masani ya duba. Ɗan haya kuma ya nemi iznin mai gida tukuna. Ruwan wanke-wanke shi ma a yi masa hanya nesa da ginin ƙasa da bakin rijiya.

Bara na je Kusada ganin jeren 'yar ƙanwata, na tarar kafinta ya yi mata kabad mai kyau, 'yan jere kuma sun cusa tukunya mai kilo 12.5 a ciki sun rufe, don kada ta ɓata tsari. Na ce a fito da ita, gwaggonta ta ce, "Haba Malam, sabuwa ce fil, ko mako ba ta yi ba." Na roƙi a kawo ruwan sabulu a kofi, na shafa a mahaɗar tiyo da kan tukunya, muka tsuguna muna kallo, sai ga kumfa tana tasowa ɗaya bayan ɗaya, ƙanana kamar idon kifi. Gwaggo ta yi salati ta ja da baya. Amarya ta leƙo daga cikin mayafi ta ce, "Kawu, a ina za a sa ta?" Kafin la'asar an ɗaure tiyon da maɗauri na ƙarfe, an huda bango, tukunyar kuma ta koma bayan kicin, ƙarƙashin 'yar rumfar kwano, daura da inda tsohon murhun surukarta yake.