Zanen disko: rabon aiki tsakanin hannu da na'ura

Kiɗan da ake kira disko ya tashi ne a gidajen rawa na birnin New York, ƙasar Amurka, a farkon shekarun 1970, galibi a tsakanin baƙaƙen fata da mutanen da asalinsu Latin Amurka ne. Afirka ma tana da hannu a ciki, domin waƙar Soul Makossa, wadda Manu Dibango ɗan Kamaru ya fitar a 1972, tana cikin faya-fayan da suka fara tada ƙura a waɗannan gidaje. A 1977 aka buɗe gidan rawa na Studio 54, kuma a shekarar ce fim ɗin Saturday Night Fever ya kai disko duniya duka.

Kiɗan ya zo da irin zanensa. Bangon babban faifai murabba'i ne mai kamar santimita 31 a kowane gefe, fili ne isasshe ga mai zane. Gwanayen lokacin, irin su Shusei Nagaoka ɗan Japan, wanda ya zana wa ƙungiyar Earth, Wind & Fire bangon faifanta na 1977, suna aiki da wata ƴar bindigar fenti mai fesa launi da ƙarfin iska. Da ita suke fitar da ƙyallin ƙarfe da hasken fitilu. Aiki ne mai cin kwanaki, kuma kuskure ɗaya yana iya ɓata shi duka.

Matasan da ke son farfaɗo da wannan salo a yau suna da kwamfuta, amma waɗanda suka ƙware da takarda suke farawa. Da fensir mai zane yake kama motsin masu rawa: karkacewar kafaɗa, hannun da ya miƙe sama, faɗin ƙafar wando. Sannan ya bi layukan da tawada baƙa, ya shafa fentin ruwa a inda yake son a ga sawun buroshi. Ƙwallon madubi da ke rataye a rufin ɗakin rawa shi ne jarrabawarsa. Ƙananan maduban suna da faɗi a tsakiyar ƙwallon, suna tsukewa yayin da suka nufi gefe. Kowane madubi launi ɗaya ake ba shi, mai duhu kusa da mai haske, fari tas kuwa ga ƴan kaɗan kawai. In aka cika fari, ƙyallin ya mutu.

Daga nan sai a ɗauki hoton zanen da sikana, da ɗigo 300 a kowane inci, ma'aunin da maɗaba'a ta saba nema. Manhajar Photoshop, wadda ta fito a 1990, ta sami tsarin shimfiɗu a 1994. Ana ɗora aiki hawa-hawa kamar takardu masu shara-shara, layukan tawada a sama, launi a ƙarƙashinsu, hasken fitilu a shimfiɗa ta dabam. Mai zane yana iya gwada shuɗi, ya mayar da shi shunayya, ya ƙara hasken zinariya, ba tare da ya taɓa zanen hannunsa ba. Abin da bindigar fenti ke yi cikin yini, na'ura tana yin sa cikin mintoci.

Akwai tarko guda da ya kamata a sani. Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi. Maɗaba'a kuwa da tawada huɗu take aiki: shuɗi mai haske, ja mai ratsin shunayya, rawaya da baƙi. Saboda haka launukan disko masu walƙiya sukan fito a dushe bisa takarda. Mai hankali yakan buga kofi ɗaya na gwaji kafin ya biya kuɗin ɗari biyar, tun da gani ya kori ji.

Nasiharmu ga matasa masu wannan sana'a ita ce kada sayen na'ura ya sa su ajiye fensir. Kwamfuta tana ƙara wa zane haske, amma mai rawar da aka zana a sandare, a sandare zai fito ko da fitilu nawa aka kunna masa. Malaman makaranta da shugabannin gidajen matasa su fara ba yara takarda da fensir, na'ura ta biyo baya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya taimaki masu sana'a.