Mai Jego Da Kumburin Ƙafa

Yau zancenmu a kan mai jego ne.

Mace takan haihu lafiya, a yi suna, a watse, sai bayan wata ɗaya ko biyu ƙafafunta su soma kumbura. Ta ɗan share tsakar gida, sai haki. Da dare ba ta iya kwanciya sai ta tara matasan kai, wani lokaci ma a zaune za ta kwana, ga tari. Tsofaffi su ce ai sanyi ne ya shige ta, a ƙara wa ruwan wanka wuta. To, a kula, sau da yawa zuciya ce ta gaza.

Aikin zuciya shi ne tura jini ko'ina cikin jiki. In ƙarfinta ya ragu, sai ruwa ya taru a huhu da ciki da ƙafafu. Ki danna ƙaurinta da yatsa. In kin ɗauke, gurbin ya zauna, ruwa ne.

A shekarun 1970 waɗansu likitoci a Zariya, Davidson da Parry, sun ga mata masu yawa da wannan ciwo. Suka ɗora zargi a kan kunun kanwa, da wankan ruwa mai ƙuna, da kwana a gadon da aka hura wa wuta. Kanwa kuwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. Binciken da aka yi daga baya ya nuna hawan jini lokacin goyon ciki da rashin abinci mai gina jiki su ma suna da hannu. Ni dai ban ce a bar wanka ba, amma kanwar nan a rage ta.

Kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A kai ta asibiti ran nan. Manyan asibitoci, irin na Shika a Zariya da na Malam Aminu Kano, suna da likitan zuciya. Zai auna jininta, ya duba bugun zuciyar a na'ura, ya ba ta ƙwayar da ke fitar da ruwan ta fitsari, da wadda ke sauƙaƙa wa zuciyar aiki. Da yawa sukan warke, amma ba a barin magani don an ji sauƙi. Kuma kada ta sake ɗaukar ciki sai likita ya yarda, gama cikin na iya tayar da ciwon. Wannan kam sai a faɗa wa maigida a gaban likita.

Ku 'yan makaranta, ku karanta wa su Inna da Goggo, tun da su ke yi wa mai jego wanka.