Ƙafa da alƙalami: hanyar zama ɗan sanda a Tawa

Da zarar an ba da sanarwar konkur, wato jarrabawar shiga aikin ɗan sanda, samarin Tawa sai su kama gudun asuba a bakin kwalta. Da hantsi kuma a shiga farautar takardu: ta haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, ta likita, da kaziye, wato shaidar kotu cewa ba a taɓa ɗaure mutum ba. Wanda aka haifa a ƙauye ba a yi masa rajista ba, sai ya nemo hukuncin alƙali a madadin takardar haihuwa, kuma tun daga nan wasu ke makara.

Takardar makaranta ce ke zaɓa wa mutum ƙofar shiga. Mai brebe, ta ƙaramar sakandare, ya fara daga ƙasa, mai bak, ta babbar sakandare, ya nemi sufeto, wanda ya yi jami'a ya hangi ofisa ko kwamisa. Waɗanda suka ci, Yamai ake kai su, makarantar ƴan sanda ta ƙasa. Amma tun da aka buɗe jami'a a Tawa a 2010, da sashenta na shari'a, tattalin arziki da gudanarwa, ɗan Keita ko Buza na iya karanta dokar laifuka kusa da gida kafin ya nufi konkur. Yau jami'ar na ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin da ya rubuta tarihin Adar.

Iyaye da yawa duk mai kaki soja ne a wurinsu, alhali aikin rabe yake. Polis na cikin gari da bakin iyaka irin Ƙonni, jandarma na karkara. Tashin hankali irin na yankin Tillia, inda aka kashe mutum 137 a watan Maris na 2021, ya fi ƙarfin kwamisariya, wato ofishin ƴan sanda. Abin da ke zuwa teburin ɗan sandan Tawa shi ne babur da aka sace, rigimar bashi, ɗan cirani da aka damfara kan hanyar Libiya.

A ganina samarin sun fi horar da ƙafa, alhali rabin sana'ar alƙalami ne. A ce ranar Lahadi, kasuwa ta cika, dattijo ya shigo kwamisariya yana riƙe da igiya, ragon da ke ɗaure da ita ya yi ɓatan dabo. Zai fara da gaisuwa, ya bi ta kan wanda ya sayar masa, ya rantse, ya koma baya. Mai yiwuwa shaidarsa da Tamashek zai yi magana. Jami'in da ke zaune gaban kwamfuta dole ya tace wannan duka ya zuba shi cikin Faransanci: wane ne, a ina, ƙarfe nawa, wa ya gani da idonsa, wa ya ji a bakin wani. Sannan ya karanta wa dattijon da Hausa kafin ya dangwala yatsa. Wannan takarda, da ake ce wa PV, ita ce za ta isa gaban mai shigar da ƙara, wanda bai ga igiyar ba, bai ga fuskar kowa ba. In an rubuta "na gan shi" inda mutum ya ce "an ce mini", an cuci wani.

Ga kuma agogo. Doka ta ba da awa 48 na tsare wanda ake tuhuma, ƙari sai da izinin mai shigar da ƙara. Cikin waɗannan awoyi ne kawu da liman da mai unguwa ke jeruwa a ƙofa: "Yallaɓai, ɗanka ne, a kashe maganar a gida." Wata maganar ta cancanci sulhu, wata kuwa doka ba ta yarda ba, kuma ɗan sanda ɗan shekara ashirin da ƴan kai ne zai dubi sa'an mahaifinsa ya bambance. Shi ya sa ban ga laifin tura sabon ɗan sanda Diffa ko Doso, nesa da danginsa ba, ko da uwarsa za ta yi kwanaki tana mita.