Yadda Ake Gane Tsiro Ba Tare da Furensa Ba

Masana ilimin tsirrai sun daɗe suna dogara da fure wajen bambanta wani tsiro da wani. Siffar furen da launinsa da yawan ganyayyakinsa su ne ke nuna irinsa. To amma idan tsiron ya iso kasuwa babu fure, babu ganye, sai saiwa kawai, ta yaya za a san sunansa? Wannan ita ce matsalar da ake fuskanta a Zambiya da kudancin Tanzaniya.

A Zambiya akwai wani abinci da ake kira cikanda, wanda asalinsa na kabilar Bemba ne. Ana yin sa da saiwar wasu furanni na daji da ake kira okid, wadda ta yi kama da ƙaramin dankali. Akan busar da ita, a daka, a haɗa da garin gyaɗa da barkono da kanwa, a dafa har ya daskare, sannan a yanka a sayar. Da abincin ya shiga birane, sai buƙata ta ƙaru, ƴan kasuwa suka riƙa tsallaka iyaka suna sayo saiwar daga tsaunukan kudancin Tanzaniya. Duk saiwar da aka tona, tsiro ɗaya ke nan ya mutu. Wannan yana cikin dalilan da suka sa Tanzaniya ta kafa gandun Kitulo a shekarar 2005 domin kare furanninsa.

Yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a birnin Washington a 1973, ta sa sharuɗɗa a kan cinikin dukkan nau'o'in okid tsakanin ƙasashe. Sai dai jami'in kwastan ba ya iya gane irin da ke cikin buhu, domin saiwoyin duk sun yi kama da juna.

A nan ne binciken ƙwayoyin gado, wato DNA, ya shigo. A 2003 Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya kawo shawarar a riƙa karanta wani ɗan guntun DNA a matsayin shaidar kowane jinsi, kamar layukan nan da ake bugawa a jikin kayan kanti. Guntun da ya zaɓa ya dace da dabbobi, amma bai cika bambanta tsirrai ba. Don haka a 2009 masana suka amince da wasu guntaye biyu, rbcL da matK, kuma sau da yawa akan ƙara da na uku mai suna ITS.

Aikin matakai huɗu ne. Da farko a gutsuri saiwar a fitar da DNA ɗinta. Na biyu, a ninka guntun da ake so sau miliyoyi a cikin na'ura. Na uku, a karanta jerin haruffansa. Na huɗu, a kwatanta shi da jerin da aka riga aka adana daga tsirran da aka tabbatar da sunansu. Da wannan hanya masu bincike suka gano okid na dangin Disa da Satyrium da Habenaria, har a cikin cikanda da aka riga aka dafa.

Amma hanyar tana da iyaka. Idan ba a taɓa adana jerin wani iri ba, na'ura ba za ta iya faɗin sunansa ba, sai dai danginsa. Saboda haka har yanzu ana buƙatar masanin da zai hau tsauni lokacin damina, ya samo tsiron da furensa, ya tabbatar da sunansa, kafin ɗakin gwaji ya yi amfani.